Faifan Birkin Kawu Seidu

Duk wanda ya zauna a unguwar Nima ya san kafin a ga Kawu Seidu, sai an ji shi. Tun tasinsa na wajen kasuwar Maamobi za ka ji ƙiiii, kamar ana jan akuya zuwa mahauta, sai matarsa Mma Adiza ta ɗora ruwan shayi. Ku yi haƙuri in zancena ya karkace. Shekaranjiya motar da ya bar min gado ta kusa kai ni lahira, inda yake.

Kawu ya yi imani birki abin tattali ne kamar turaren Makka. Akwai faifan ƙarfe a bayan taya, wanda birki ke matsewa mota ta tsaya. A cewarsa duk takawa ɗaya faifan na raguwa, don haka ba ya takawa sai ya ga mutuwa. Fasinja zai ce, "Direba, a nan zan sauka." Kawu ya ce, "Nan gangara ce, ɗan'uwa. Bari mu kai hawa, za ta tsaya da kanta." Wata Hajiya da za ta Nima, a New Town ta sauka da buhun doyarta, tana yi masa Allah ya isa da yare uku.

In ya taka kuwa, sitiyari ya kama karkarwa, har haƙoranka su haɗu. Na ce, "Kawu, motar nan lafiya?"

"Tsoron Allah ne, Rukaya. Ke kin taɓa karkarwa haka a salla?"

Ina nan ranar da Masta Kwame bakanike ya ja farce a kan faifan. "Ei, Alhaji! Duba, ya yi layi-layi kamar an yi huɗar doya. Ya sirance. A canza!"

"Juya shi, a ci ɗaya gefen."

"Alhaji, gefe biyun yake ci tare."

"To kai na dama hagu, na hagu dama. Su ma su sha iska."

Wallahi sai da aka yi hakan!

Shekaranjiya na ɗauki motar karon farko, zan kai wa Mma sayayya. A gangarar babbar gota, wato kwatar ruwa, na taka birki. Ƙarfe ya kama cin ƙarfe, abin takawar na dukan tafin ƙafata, mota kuwa ko a jikinta. Mai koko ta yar da ludayi ta arce. Ina salati, ina ganin gota na matsowa, sai na ji wani tsoho ya ƙwala ihu daga benci: "Innalillahi! Seidu ya dawo!" Tulin yashin masu gini ne ya tare ni, taya ɗaya na leƙa gota.

Da Masta Kwame ya ciro faifan, ya tsage, kaurinsa kamar murfin gwangwanin madara. Sai ya cire hula.

Na koma gida ina kuka. Mma Adiza ta saurare ni tsaf, ta durƙusa, ta jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado. Faifai biyu sababbi fil, an shafe su da man kaɗanya, an naɗe a rigarsa ta Idi.

"Ya daɗe da saya," ta ce. "Ya ƙi sawa, wai kar su cinye kafin motar ta zo hannunki."

"Haba Mma! Me ya hana ki faɗa min?"

"Ya ce in bari sai tsofaffin sun ƙare."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa, na rungume rigar, tana ƙamshin man mota da goro.

An sa su jiya, Kawu. Yanzu motar tana tsayawa shiru, Mma kuma ba ta san lokacin ɗora shayi ba. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka fasinjojin da ka wuce da su, Ya tsayar da kai daidai ƙofar Aljanna. Amin.