Ranar da Sabar Yayana Ta Shaƙe

Shekarun baya, washegarin ƙaramar Sallah, yayana ya tsinko ni daga majalisa a Gwaram ina tsaka da cin tsire. Laifina kawai na taɓa gyara masa waya, shi ke nan na zama injiniya. Ni da ko sakandare da kyar na ƙarasa.

Shagon hoto gare shi a Birnin Kudu. Duk hotunan suna cikin babbar kwamfuta ɗaya da suke kira saba, sauran kwamfutocin daga can suke jawowa. Ranar mutane sun cika, yaran shago suka hau jawo hoto lokaci guda, sai sabar ta shaƙe, ta fitar da wani rubutu wai wurin da saƙonni ke jiran layi ya cika. Ga wata Inna daga Dingaya ta zo karɓar hoton jikokinta, ta ce motar ƙarshe na tashi bayan la'asar, kuma ba ta da wurin kwana a garin.

Yaya ya dage zafi ne. Ya kafa wa sabar fanka kamar mai jego.

Na kira abokina da ke karatun kwamfuta a Dutse. Ya tambayi yaushe aka sabunta manhajar da ke tafiyar da katin netiwok ɗin, wato abin da ke haɗa sabar da sauran kwamfutocin. Ashe tun da aka sayo sabar Yaya ya hana a haɗa ta da intanet, wai kar ta kwaso cuta. Sai da na hau dutsen bayan shagon neman sabis na sauke sabuwar a wayata, wando har ya yage. Muka saka, abokina ya nuna min inda ake faɗaɗa wurin jiran, na ce wa yaran su riƙa jawowa bi da bi.

Inna ta samu motarta. Har gyaɗa ta ƙulla min a leda.

Tun ranar na daina tsoron rubutun da kwamfuta ke fitarwa, yanzu ma koyon aikin nake yi sosai.

Da shago ya lafa, Yaya ya shafa sabar ya ce ai ya faɗa, fankarsa ce ta yi aikin.

Na ce, "Yaya, fankar nan fa tun azahar na zare ta na sa cajin wayata."