Dattijo da Matacin Ƙugin Lasifika

A kasuwar Talata Mafara wani dattijo na zaune a rumfar gyaran rediyo, tabaransa ɗaure da zare, yatsunsa duk tabon dalma. Ban san shi ba, amma ina zaton ya taɓa koyar da kimiyya. Cikin gwangwanin madara ya haɗa na'urar ƙara wa makirfo ƙarfi, ya sa mata mataci mai tare ƙugi, murya kaɗai ke wucewa.

Mai kayan, shugaban manoman albasa daga Bakolori, yana ta ƙwanƙwasa makirfon yana hura masa iska, gwajinmu na gado. Ba dum, ba fuu, matacin ya tare su.

"Baba, ka kashe min abu!"

"Alhaji, yi sallama a ciki ka ji."

"Ni za ka koya wa lasifika?"

Dattijon ya sake auna kowace waya, ko shi ya yi kuskure. Bai yi ba. Ya cire matacin, ƙugi ya cika rumfar.

"Yauwa, yanzu ta yi!"

Abin na ci min rai. Gobe a taron manoma kowa zai sha ƙara, ba wanda zai ji sanarwar ranar sakin ruwan madatsa zuwa gonaki.