Ni Na Shafa Wa Jadda Jan-Baki

Lokacin da wannan abu ya same ni ina yarinya, haihuwata ɗaya, muna zaune a Riyad a ɗan ɗakin direba da ke jikin get, ni da maigidana da 'yarmu. Ban yi wani karatu ba, firamare ma ban ƙarasa ba, a yi haƙuri da rubutuna. Damuwar da ta hana ni sakat a lokacin ita ce 'yata ta kusa shekara uku ko Mama ba ta taɓa cewa ba. Tana ji sarai, cokali ya faɗi sai ta waiga, amma bakin shiru. In mun je Batha, unguwar da baƙi irinmu ke haɗuwa, ranar Juma'a, matan garinmu kowa da nata. Wata ta ce iska ce, wata ta ce ai haka ɗan wance ya fara, ga shi har ya yi gemu da hannu yake magana.

Maigidana ke tuƙa matar kafilinmu, wato Balaraben da ya ɗauko mu aiki, muna ce mata Madam. Ni kuma aka ba ni kula da mahaifiyar kafilin, wata tsohuwa 'yar Masar da kowa ke kira Jadda, wato kaka. Hankalinta ya fara gushewa, wani sa'in sai ta ɗauka ni ƙanwarta ce. Bayan la'asar akwai tashar da ke sa tsofaffin finafinai marasa kala, ita kaɗai take kallo. Wata rana ana nuna wata budurwa tana waƙa a bakin ruwa, sai na lura in za ta ja murya tana ɗora yatsu biyu a ƙasan wuyanta, ta karkatar da kai. Na juya, ga Jadda a kan gado, yatsu biyu a wuya, kai a karkace, leɓenta ya riga na budurwar motsi. Na tambaye ta da guntun Larabcina ko ita ce. Ta yi dariya ta ce a rediyo ta fara, mutane sun haddace muryarta ba su san fuskarta ba, sannan masu fim suka zo nemanta. Ta yi ta fitowa, har wani attajiri ya aure ta ya kawo ta Riyad bisa sharaɗin ba waƙa ba fim. Ta ce ruwan nan ma ƙarya ne, zane ne a bango, kuma takalmin da aka ba ta ranar ya ci mata ƙafa.

'Yata takan zauna a gefen gadon. Jadda sai ta kama hannunta ta ɗora a maƙogwaronta tana rerawa, yarinya tana jin yadda wurin ke rawa. Ba a jima ba na ji sauti yana fita daga bakin 'yata, karin waƙar daidai. Na shige banɗaki na sha kukana. Daga baya har kalmar ƙarshen baiti take cafkewa. Ni ba ta yi mini, ubanta ba ta yi masa, sai Jadda. Ɗakin nan ya zame mini asibiti, kullum ina kai ta.

Kafilin yana jin kunyar tarihin uwarsa, ya hana a ambace shi a gidan. Madam kuwa dama ba sa ga-maciji da surukarta. Ta shigo wata rana ta tarar da su suna waƙa, ta tsaya tana murmushi, murmushin da bai yi mini ba. Da mijinta ya yi tafiya ta tara ƙawayenta shan gahawa, ta miƙo mini wata riga mai walƙiya da gashin kanti da jan-baki, ta ce in shirya Jadda in turo ta falo. Na ce mata tsohuwar ba ta da lafiya. Ta ce tun yaushe 'yar aiki ta zama likita, in tuna igamar mijina, takardar izinin zamansa a ƙasar, a hannun wa take. Da ta ga ban motsa ba, sai ta ce to daga yau kada ƙafar kurmar 'yata ta sake taka cikin gidan. Nan ta gama da ni. Na karɓa.

Abin da ya fi ci mini rai, Jadda murna take yi. Tana tambayata ko darakta ya iso, tana cewa in ƙara hoda a kumatun hagu don shi kyamara ke so. Na tura ta a keken guragu zuwa gaban babbar talbijin, suka kunna fim ɗin, budurwa a sama, tsohuwa a ƙasa. Ta ɗora yatsu a wuya ta ja, murya ta tsage. Falon ya ɗauki dariya, wayoyi duk a sama. Wata ta ce yalla, wato maza, tauraruwa, a kashe mana ido irin na da. Wata ta ce ƙofar kicin ɗinta ta fi wannan zaƙin murya. Jadda ta ɗauka yabo ne, tana sunkuyar da kai tana godiya. Ta sake ja, haƙoran robarta suka zamo kan rigar. Wata har da faɗuwa daga kujera. Sai a lokacin Jadda ta bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta nemo ni da ido, ta tambaye ni a hankali ko ita ta ɓata ɗaukar fim ɗin. 'Yata na riƙe da ƙarfen keken, ta ga komai.

Bidiyon ya yi ta yawo har ya isa wayar kafilin. Madam ta ce aikina ne. Ya kira mu, bai bar mijina ya buɗe baki ba, tambaya ɗaya ya yi, wa ya shafa wa uwarsa jan-baki. Na ce ni ce. Ya ce mu tattara. Aka cire talbijin daga ɗakin Jadda, aka kawo wata mai aiki, aka riƙa kulle ƙofar. Kafin mu tafi 'yata takan sulale ta je ta tsaya a bakin ƙofar. Na ji Jadda daga ciki ta fara waƙar, ta kai inda yarinyar ke amsawa, ta jira. 'Yata ta sa hannu biyu ta toshe bakinta.

Mun dawo gida Najeriya. Sai da aka daɗe ƙwarai kafin ta fara magana, har yanzu kuma kaɗan-kaɗan take yi, in ta ji mata sun tuntsire da dariya sai ta nemi bayan ƙofa. Wani direba abokin maigidana ya gaya mana Jadda ta rasu, bidiyon kuwa yana nan yana yawo.

Na yi abin da aka sa ni don kada a raba 'yata da tsohuwar, aka kuma raba su, wadda ta shirya abin tana nan a falonta. 'Yan'uwana masu zuwa aikatau, duk ranar da aka ce ku sa hannu a wulaƙanta wani, ku sani hannun za a tuna, ba za a tuna wanda ya ba da umarni ba. Kai kuma mai karatu, in bidiyon wata tsohuwa mai riga mai walƙiya tana waƙa a kan keke ya shigo wayarka, don Allah kada ka tura wa kowa. Ka goge shi, ka yi mata addu'a.