Lurwanu Mai Majigin Ka'akiyya da Bakin Gwangwala

Idan ka bi ta unguwar Ka'akiyya a Makka bayan sallar asuba, kafin rana ta fara gasa duwatsu, za ka ga wani dattijo zaune a ƙofar wani sito, ya miƙe ƙafa ɗaya, ya ɗora gefen tanti a gwiwa yana soka basilla. Lurwanu ke nan. Tantunan da alhazai ke shiga a Arfa, idan an kwance su an dawo da su a yage, ta hannunsa suke bi. Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki. Ba ya ɗaga kai sai an yi masa sallama, in ya amsa ma a gajarce. Wanda bai san shi ba zai rantse mutumin nan bai taɓa ba kowa dariya ba.

To, ka jira ranar Alhamis bayan la'asar.

Sito ɗin ba shi da taga, ko da tsakar rana duhu ne. Ranar Alhamis sai Lurwanu ya rataye farin ƙyallen tanti a bango, ya jawo wuta daga injin maƙwabcinsa, ya fito da wani tsohon majigi da wani ɗan kasuwar Jidda ya ba shi tukuicin ɗinkin rumfa. Maza su hau kan tantunan da aka naɗe, mata su zauna bayan labule. Kafin kiran magariba an watse. Faifan fim ɗin kuwa daga hannun 'yan jirgin ruwa suke fitowa, tsofaffi, duk sun ƙarce. Lurwanu bai iya karatun boko ba, don haka da zare yake gane su: jan zare faifai na ɗaya, kore na biyu, baƙi na ƙarshe.

Duk fina-finan na wasu Turawa biyu ne, wawaye, ɗaya dogo mai dogon wuya, ɗaya gajere dunƙulalle. Ba wanda ya san sunansu, ba kuma mai jin yarensu. Mutanenmu suka raɗa musu Gwangwala da Turmi. Sai Lurwanu ya kashe muryar majigin gaba ɗaya, shi da amininsa Awwalu mai tsire suka zauna dama da hagu, suka ara wa Turawan baki. Lurwanu Bakano ne, shi ke maganar Turmi. Awwalu Basakkwace ne, shi ke maganar Gwangwala, da Sakkwatancinsa tsantsa, inda mu muke cewa "ne" da "ce" shi ya ce "na" da "ta", inda muke cewa "i" shi ya ce "awo".

Na yi yawo iya gwargwado. Na ga 'yan kama a Fallomi, na ga masu wasan biri a Umdurman, na ga mai haɗiye wuƙa a Sawakin. Ban taɓa ganin abu irin na mutanen nan biyu ba. Ga Bature a bango yana bin agwagwa a cikin jirgin ƙasa, sai ka ji Turmi ya ce, "Kai Basakkwace, kama mini surukarka, za ta sauka a Gusau!" Gwangwala ya ce, "Mi? Wagga ta yi kama da dangina? Dubi tahiyatta, Bakanuwa ta!" Ba sa shirya komai tun da farko. Fim ɗaya sai mu kalle shi sau goma, kowane kallo da labarinsa daban. Tsofaffin da suka baro gida tun zamanin tafiyar ƙafa su yi dariya har su share hawaye da bakin rawani. 'Ya'yanmu haihuwar nan, waɗanda in ka yi musu Hausa su amsa maka da Larabci, a sito ɗin nan da yawansu suka gyara harshe, don ba mai son a yi dariya a bar shi.

Na san akwai masu cewa, majigi a Makka? Ban zo musu da malamai ba, sun fi ni sani. Abin da idona ya gani kawai zan faɗa, kowa ya auna.

Shekara uku ke nan, Awwalu na tsaye a gaban tukubarsa a kasuwar Zahir, sai ya faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Likita a asibiti ya ce harshen bai mutu ba, in zai dinga gwadawa zai iya sakuwa. Ya gwada sau ɗaya. Wani da ya zo dubiya ya yi masa sannu, Awwalu ya buɗe baki zai amsa, sai wani sauti ya fito mai kama da kukan akuya. Mai dubiyar ya kawar da kai. Daga ranar Awwalu ya kulle bakinsa. Mutumin da baki ne jarinsa, ya gwammace a ce ya zama bebe da a sake jin wannan sautin. Matarsa Hure ta gaya mini da bakinta: "Alhaji, ko ruwa yake so sai dai ya buga kwano. Na yi kuka, na yi lallashi, na sa 'yarmu Ramlatu ta durƙusa ta roƙe shi ya kira sunanta ko sau ɗaya. Sai ya juya fuska bango." Likita kuma ya gargaɗe ta, harshen da aka daɗe ba a motsa ba yana iya sandarewa har abada.

Alhamis ta uku da faɗuwarsa, sai ga Lurwanu a ƙofar gidan da amalanken da yake ɗaukar tantuna, ya shimfiɗa darduma a ciki. Hure ta ce, "Malam Lurwanu, ina za ka kai shi a haka?" Ya ce, "Wurin aikinsa." Awwalu ya buga kwano, ya harare shi, ya ture shi da hannun da ke da rai. Lurwanu ya ce, "In ba ka son zuwa, Basakkwace, ka faɗa da baki. Ni ba na jin yaren kwano." Ya ciccibe shi ya sa a amalanke.

Aka kunna majigi. Turmi ya yi magana a bango, Lurwanu ya ba shi baki. Gwangwala ya buɗe nasa bakin, sai shiru. Muka ɗauka mantuwa ce. Turmi ya sake magana, Gwangwala ya sake motsa leɓe, shiru. Ba ka jin komai sai ƙarar majigi. Haka aka yi faifai uku, mutum ɗaya na magana, ɗayan na wangale baki a banza, Awwalu na zaune a kujerarsa ta hagu ya sunkuyar da kai.

Da aka fito, Yalwa mai shayi, wanda ba ya ɓoye abin da ke cikinsa, ya tare shi. "Ya shehu, wannan wane irin wasa ne? Kowa ya san ka iya muryar Awwalu, mun sha jin kana kwaikwayonsa. Ka yi duka biyun mana, shi ke nan!"

Lurwanu yana naɗe waya, bai ko ɗago ba. Ya ce, "Bakin Gwangwala yana da mai shi. Mai shi na nan zaune, bai mutu ba. In na ɗauka yau, gobe in ya tashi me zai tarar?"

Yalwa ya ce, "To in bai tashi ba fa?"

Lurwanu ya ce, "Sai Gwangwala ya mutu bebe. Ka sha shayinka."

Mutane suka fara janyewa. Wa zai baro inuwar gidansa ya zo kallon rabin wasa? Sito ɗin da ke ɗaukar mutum sittin ya koma muna zama mu tara, wata rana mu shida. Ni ma ba zan yi ƙarya ba, akwai Alhamis ɗin da na ce ƙafata ke ciwo. Amma duk ranar da na je, sai na ga Lurwanu ya sake wani abu. A hankali na gane abin da yake yi. Ya rushe labaran gaba ɗaya ya sake ginin su, yadda duk abin da Turmi zai faɗa tambaya ce, amsarta kuma kalma ɗaya tak: awo. "Gwangwala, kai ka cinye tuwon nan?" Ya yi shiru ya jira. "Gwangwala, wannan hular ta maƙwabci ce?" Ya jira. Ya rage wa abokinsa aikin har ya zama ba abin da ya rage sai gaɓa biyu, mafi sauƙin abin da bakin Basakkwace ya sani. Kuma kowace tambaya sai ya saka ta daidai inda dogon Baturen zai gyaɗa kai. Mutumin da bai taɓa shiga aji ba ya haddace kowane gyaɗa kai a faifai goma sha biyar.

Wata goma sha ɗaya yana tura amalanke, zuwa da dawowa, rani da sanyi. Wata goma sha ɗaya yana tambaya, ba awo.

Ranar da abin ya faru mu takwas ne, har da Yalwa, sai Hure da Ramlatu a bayan labule. Akwai wani wuri a fim ɗin inda Gwangwala ke ja da baya, ya zauna a kan murhu mai zafi bai sani ba, ya ɗan jima, sannan ya zabura sama yana ihu. Lurwanu ya bar shi ya zauna. Sai ya sassauta murya, kamar mai lallashi, ya ce, "To Gwangwala, tunda ka yi shiru, ai shiru ma amsa ce. Jama'a ku shaida. Ka dai yarda ko? Ko kasuwa, ko malamai, ko fura, Kano ta fi Sakkwato."

Baturen ya zabura sama. Daga kujerar hagu kuma wata murya ta fashe, a karkace, a kakkarye, amma kowa ya ji ta:

"Ƙarya ta!"

Sai Yalwa ya tuntsire da dariya ya faɗo daga kan tanti. Bayan labule muka ji salati da kuka. Ni na dubi Lurwanu, hasken majigi na dukan gefen fuskarsa, hawaye na bin gemunsa, amma muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Turmi bai tsaya ba. Ya ce, "Au, ashe kana da baki? To maimaita, ban ji ba, ni Sakkwatanci sai an yi mini sau biyu." Awwalu ya maimaita masa. An yi dariya ranar, amma ba wanda ya yi wa sautin dariya, maganar aka yi wa, Awwalu kuma ya san bambancin. Da na tambayi Lurwanu daga baya me ya sa bai yi wannan dabarar tun farko ba, ya ce, "Da na yi ta a watan farko, da ya haɗiye. Sai da na bari maganar ta taru a cikinsa ta rasa wurin zama."

Harshen bai dawo duka ba, kada in ƙara gishiri. Har yau Awwalu sai ya ja numfashi tsakanin kalma da kalma, hannun dama kuma ya tafi ke nan. Amma a makon ya kira Ramlatu da sunanta. Da aikin hajji ya zagayo, aka kai shi Arfa, waɗanda ke tanti ɗaya da shi sun ji ya yi Labbaika da bakinsa tun daga farko har ƙarshe.

Lurwanu, kai ne ka iya muryar mutum kamar ka haɗiye shi, ka ƙi amfani da ita. Kai ne aka watse aka bari da mutum shida, ba ka ce uffan ba. Raƙumi mai tafiyar nesa, ba a jin takunka sai an ga ka iso. Mu da muka yi kasuwa mun san yadda ake yi: yau mutum ya kwanta ciwo, gobe an shimfiɗa tabarma a wurin zamansa, jibi an manta ya taɓa zama. Ni kaina na gaji wurin wani a haka, ban kuma rasa barci ba. Sai da na tsufa mai ɗinkin tanti ya koya mini abin da ban koya ba tsakanin Fallomi da Jidda.

Bana ka rufe majigin. Idonka ya gaji da haskensa, ga talbijin ta fara shiga gidaje, yara sun sami wani wurin kallo. Ba wanda zai yi maka taro, ba takardar yabo da za a rataya maka a bango. Shi ya sa na ce bari in ajiye wannan a rubuce, a karanta a Ka'akiyya da Zahir, wanda zai koma gida kuma ya tafi da shi. Mun gode, Lurwanu. Allah ya haskaka maka idon, ya sa ranar da kowa zai rasa ta cewa a sami mai jiranka kamar yadda ka jira. Ku kuma masu karatu, in abokin aikinku ya faɗi, kada ku yi gaggawar cike gurbinsa don kun iya. Ku bar masa shi a buɗe, ko da za a yi muku ƙorafi, ya san akwai abin da ke jiran ya tashi.

Kafin in kai wannan takarda, na je wurin Awwalu na ce ko akwai abin da yake so in saka da sunansa. Ya daɗe yana haɗa kalmomin, Hure ta so ta taya shi, ya ɗaga mata hannu. Sannan ya ce:

"Rubuta. Bakano na. Amma mutum na."