Baba Kunne da Linzamin Tsohuwar Motar Asibiti

Da sassafe, kafin maƙwabta su buɗe shagunansu, Baba Kunne ya riga ya share gaban garejinsa, ya goge tabarau da gefen riga, ya kunna tsohuwar kwamfutarsa mai tsagaggen murfi. Ba ya taɓa mota sai ya sa an tayar da ita, ya karkata kai ya saurara. Daga nan laƙabin ya samo asali. Aikinsa gyaran ƙwaƙwalwar mota ne, ɗan akwatin nan da ke gaya wa inji yawan man da zai sha da iyakar juyin da zai yi. Yanzu ido ya fara gajiya, ya miƙa wa babbar 'yarsa garejin. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kawuna ne direban motar ɗaukar marasa lafiya ta ƙaramin asibitin unguwarmu. Motar ta tsufa, aka sauya mata inji, amma ƙwaƙwalwar ta dā ce. Sai ya zama duk lokacin da ta kama hawan tudun da ke kan hanyar babban asibiti, Kawu ya taka totur, sai ta shaƙe ta hau fizga. Ran nan da mara lafiya a ciki ta yi masa haka, sai da masu wucewa suka tura. Kawu ya dawo gida ko abinci bai iya ci ba.

Da Kawu ya kai motar garejin, Baba Kunne ya saurari injin ya ce, "Lafiyarsa ƙalau. Linzamin tsohon inji ne a bakinsa. Da juyi ya kai wani wuri sai ƙwaƙwalwa ta yanke mai, shi kuwa sabon a nan ƙarfinsa yake farawa."

"To Baba, a cire linzamin mana gaba ɗaya," in ji Kawu.

"In cire, ka tarwatsa inji da mai naƙuda a baya? Kai da na san ƙafarka da nauyi? Sassautawa zan yi. Amma sai na gano inda yake tukuna."

Nan aikin yake. Ya zuƙo abin da ke cikin ƙwaƙwalwar zuwa kwamfuta, sai ga lambobi jere-jere, babu suna, babu bayani, kamfanin ma ya daɗe da daina yin irinta. Ya adana na asali a gefe. Ya lura da juyin da injin ke yankewa, ya shiga neman lambar da ta yi daidai da shi. Ya samu da yawa masu kama. Kawu ya ce abin da ya ba shi mamaki, Baba ba ya ɗaga lamba don gwaji, rage ta yake yi, don ko ya yi kuskure inji ba zai cutu ba. Ya rage wannan, shiru, ya mayar. Ya rage waccan, shiru. Kwanaki yana wannan, Kawu na zuwa yana tsuke fuska. Wata rana da hantsi ya rage wata lamba, sai injin ya yanke da wuri. Baba ya cire tabarau ya yi dariya: "Ga ka nan, ɗan banza!" Ya ɗaga ta daidai ƙarfin sabon injin, bai ƙara ko kaɗan ba.

Bayan wata biyu ƙanwata ta zo haihuwa, jini ya ɓalle mata. Ina cikin motar, riƙe da hannunta. Muka hau tudun nan ba fizga, ba tari. Likita ya ce da mun ƙara jinkiri, da wani labarin ake yi.

Baba, kai ne mai haƙurin da ba ya gajiya. Ba ka taɓa ganin fuskar ƙanwata ba, amma yau tana goyon ɗiyarta. Da na je yi maka godiya cewa ka yi, "Ai Kawunka ne ya yi tuƙin." Mun gode, Allah Ya ƙara wa idonka haske, Ya sa wa 'yarka albarka a garejin. Ku kuma masu sana'a, in aiki ya zo hannunku ku yi shi kamar ran wani na rataye da shi, domin sau da yawa hakan ne, ba ku dai sani ba.