Ranar da Ya Tafi Kallon Ƙanƙara

Aji huɗu na yi a lekwal, wato makarantar boko, aka cire ni. Amma na yi karatu a ƙasar waje, wata uku cur a Maroko, har da takarda mai hatimi. Tana cikin akwatin matata ƙarƙashin zannuwa, ban rataye ta ba.

A lokacin ni ke riƙe da makullan ɗakunan famfo huɗu a fadamar Jiratawa. Gonakinmu na rani ruwan foraj suke sha, wato rijiyar burtsatse, kuma kowace rijiya da injin lantarki can ƙasa cikin ruwa, shi ke turo ruwan zuwa magudana. Aikina in kunna, in kashe, in saurari ƙara. Kusan duk bazara sai inji ɗaya ya ƙone. In ya ƙone sai a jawo shi, shugaban ƙungiyar manoma ya kai shi Kano a sake masa naɗin waya, ya dawo bayan sati uku. Sati uku ba ruwa a bazarar Maraɗi, zogale yana jurewa. Tattasai ba ya jurewa.

Sai wasu masu aikin tallafi suka zo da gurbi biyu na koyon aikin ban-ruwa, ɗaya na mai takarda, ɗaya na mai aikin hannu. Manoma suka taru suka zaɓe ni. Wani dattijo da gonarsa ke shan ruwan rijiya ta uku ya ce mini a gaban kowa, "Ba yawo muka aike ka ba. Naɗin inji za ka koyo mana, shi kaɗai."

Gurbin mai takarda kuwa ɗan wani Alhaji mai fataucin yadi aka ba, daga unguwar Zariya a cikin Maraɗi, injiniya ne a biron masu tallafin, wato ofishinsu. Na ba shi shekara goma sha biyar. Uwarsa ƴar Tibiri ce, unguwarsu ɗaya da matata, har ta aiko mini cewa ga amanar ɗanta. Shugaban biron ya tsayar da mu ya ce, tun da ba na jin Faransanci, wannan shi ne kunnena, shi ne bakina. Ɗan Alhaji ya ce ba komai, ai Baba ne.

A Maroko ɗaki ɗaya aka ba mu, benci ɗaya a aji. Malami zai yi magana har ya cika allo ya goge ya sake cikawa, in zunguri ɗan Alhaji.

"Mi ya ce?"

"Lissafi ne, Baba."

"Lissafin mi?"

"Irin wanda sai an yi lekwal."

Hannunsa na ƙarƙashin tebur yana latsa waya. A sati na biyu na matsa masa ya tambayi malami yaushe za a zo kan naɗin inji. Malamin ya yi dariya ya faɗi wani abu, aji ma ya yi dariya. Ɗan Alhaji ya ce, "Wai yanzu ba a wannan wahalar, sabo ake saye." Na dubi ajin, ƴan Mali, ƴan Cadi, ƴan Gini, duk da riguna masu guga. Ba wanda ya taɓa tsayawa gaban mutum talatin da tattasansu ke mutuwa.

Ran Asabar kuma yawon buɗe ido. Kar, babbar motar makaranta, za ta kwashe mu tun da safe. Sau biyu na bi su. Na farko bakin teku, inda aikina ya zama riƙon takalma da ɗaukar hoto.

"Baba, ka yanke mini kai. Sake."

Na sake.

"Yanzu kuma tekun ka yanke."

Na biyu wani fili aka kai mu inda ake ɗora baƙi a kan raƙumi. Na tsaya ina kallon ɗan Maraɗi an naɗa masa rawanin aro, ya hau wani ramammen raƙumi yana ɗaga yatsu biyu, shi da in raƙumi ya gifta gaban motarsa a hanyar Tibiri sai ya danna masa oda yana tsaki. Ya ce in hau ni ma. Na ce na yi kiwonsu ina yaro, ba na hawa don a gani.

Asabar ta uku na ce ciwon kai nake. Makaranta ta yi tsit. Ina zagayawa bayan ɗakin girki sai na ji warin ƙonanniyar waya, wari ne da na sani kamar na gidana. Na bi shi har wata rumfar kwano. Wani tsoho ne a ciki, makanikin makarantar, da injin rijiya a kwance gabansa an buɗe cikinsa. Na yi sallama ya amsa, daga nan maganarmu ta ƙare. Ya dubi hannuwana, ya juya su ya dubi tafin, sai ya nuna mini tsohuwar wayar ya yi alamar in zare.

Ashe ran Asabar yake karɓar aikin waje. Sauran kwanaki yana can gonar makaranta, ba ya dawowa rumfar sai jefi-jefi. Asabar tara na yi a wurinsa. Yana zura waya cikin ramukan inji ina ƙirga zagaye da ƙwallon dabino, ina sauya su daga aljihu zuwa aljihu. Na sayi alƙalami kala uku na zana yadda layukan waya uku na cikin injin ke bi, ba rubutu, zane kawai. Ya koya mini haɗa bakin waya da naɗe shi da roba har ruwa ba zai sami hanya ba. In na yi kuskure sai ya bugi bayan hannuna kamar ɗansa, in na yi daidai ya zuba mini shayi mai na'ana'a. A Asabar ta bakwai na naɗa inji ni kaɗai, ya kunna, ya tashi.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Duk sabuwar wayar da ya yanka, irin mai rigar roba, sai ya naɗe ta ya tsoma cikin tano, wato duro, cike da ruwa, ya ɗaure bakinta biyu a waje, ya bar ta. In na dawo wata Asabar sai in tarar an fitar an rataye. Na tambaye shi da hannu. Ya yi dogon bayani, ya taɓa bakin wayar, ya taɓa ruwan, ya nuna wani kabad da ke kulle. Ban gane ba. Uwata masaƙiyar tabarma ce, tun ina ƙarami na ga ana jiƙa kaba ta kwana a ruwa don ta yi laushi. Ga Maroko da sanyi, waya ta yi tauri. Na ce a raina shi ke nan. Na lanƙwasa wata waya a gabansa ina nuna laushi, sai ya girgiza kai ya sake nuna kabad.

Tun daga Asabar ta biyar nake roƙon ɗan Alhaji ya zo ya tambayar mini. Kullum sai ya ce mai zuwa. An je tsohon birni, an je kasuwar fata, an je wasan ƙwallo, an sake komawa teku. Asabar ta ƙarshe kan dutse za a kai su, inda ƙanƙara ke zuba. Ya sayi safar hannu da wata hula mai tuntu tun ana saura sati. Da safe yana ɗaure takalmi na tsaya a bakin ƙofa.

"Rabin awa nake so. Tambaya ɗaya ce."

"Baba, kar ƙarfe bakwai za ta tashi."

"Tsohon ƙarfe takwas yake zuwa."

"To ka gani."

"Ka bar dutsen."

Ya ɗago ya dube ni kamar na ce ya bar Musulunci. "Ƙanƙara ce fa. Ka taɓa ganin ta shimfiɗe a ƙasa kamar auduga?"

"Akwai ta a firjin gidanku."

"Ba ka da daɗin tafiya wallahi. Wata uku fuska a murtuke."

"An ce kai ne bakina."

"Bakin ma ai yana hutu ran Asabar."

"Uwarka ta ce..."

"Inna cewa ta yi ka kula da ni. Ba ta ce in zama yaronka ba." Ya sa hular ya duba madubi. "Wai mi ne ne tambayar?"

Na faɗa masa, da tanon, da bakin wayar a waje, da kabad.

"Kai mi kake gani?"

"Ina ga don ta yi laushi ne."

"To shi ne mana."

"Tsohon ya girgiza kai."

"Tsoffi ai komai girgiza kai suke. Roba ce, in ta sha ruwa ta yi laushi."

"Ka tabbata?"

"Injiniya ne ni, Baba. Matsa in wuce."

Na matsa. Ba zan ɗora masa duka ba, don ni ma ina so in yarda. Na gaji da zama kurma, ina so in koma gida da cikakken abu a hannu. Na je na yi bankwana da tsohon, ya ba ni wani siririn ƙarfe da yake tura waya da shi. Da la'asar ɗan Alhaji ya dawo da mura da hotuna fiye da ɗari, ya sa ni na kalle su ɗaya bayan ɗaya.

Mun dawo da sanyi. Shi ya tara mutane a biro ya haska hotuna a bango, ni ma na fito a ɗaya, ina riƙe da takalma. Da bazara ta kama, injin rijiya ta uku ya ƙone. Shugaban ƙungiya ya fara neman mota, na ce a bari. Aka sayo waya a kasuwar Maraɗi. Zafin ranar nan wayar ta yi laushi kamar dafaffiyar taliya, na ce me zan jiƙa. Kwana biyar ina naɗi a inuwar ɗakin famfo, manoma sun zagaye ni, ina fito da ƙwallon dabino suna dariya suna sa albarka. Muka saukar da inji, na kunna, ruwa ya fito. Mata masu tsinkar zogale suka yi guɗa.

Kwana tara ya yi. A na goma da hantsi na ji ƙarar ta sauya, kafin in kai hannu ya buga, har akwatin wutar da ke bango ya ƙone tare da shi. Kwana biyar ɗin da na ci da naɗi, ga kuma sabon jira. Tattasan da ya fara fure ya zubar, sannan ganyen ya bi. Dattijon nan ya zo ya tarar da ni ina jawo bututu. 

"Da ka ce ba ka iya ba, da ba wanda zai zage ka," ya ce. Ya tafi.

Shugaba ya ce tun da ni na ƙona, ni zan kai Kano. Ban taɓa zuwa ba, shi ke zuwa kullum. Mai shagon naɗin wani gajeren mutum ne mai yawan magana. Ya buɗe injin ya duba ya ce, "Wa ya yi wannan?" Na ce ni. Ya ce, "Hannunka da kyau, Malam." Ya bi wayar da yatsa har ya tsaya a wani wuri baƙi, ya nuna mini wata ƴar huda a jikin robar, ba ta kai ta allura ba.

"Daga kamfani ta zo da ita. Ba ka gwada ta a ruwa ba?"

"Ai ta yi laushi."

"Wane laushi? Tsoma ta ake ta kwana, ruwa ya shiga duk inda huda take. Da safe ka ɗauko mita, baki ɗaya a waya, baki ɗaya a ruwa. In allura ta motsa, wuta na tserewa, ka yar da wannan ka yanko wata. Shi ke nan."

Ya jawo mitar daga aljihun tebur ya nuna mini. Bai yi minti ɗaya yana magana ba, kuma da Hausa. Sai a lokacin na san abin da ke cikin kabad ɗin tsoho, kayan makaranta ne da ba a buɗewa ran hutu. Ran Litinin yake gwadawa, ni ina aji ina kallon allo.

Na sayi mita irinta a Kano. Da na dawo da injin aka kira taro. Na tashi na faɗi kuskurena, ban ambaci kowa ba, na ɗaga mitar na ce yanzu na san abin da ya rage, a ba ni inji na gaba. Ba wanda ya dube ni sosai. Shugaba ya ce, "Mun ji. Amma ba mu da gonar gwaji." Wani daga baya ya ce a tambaye ni ko akwai sauran abin da na manto a Maroko, a tara kuɗi a mayar da ni. Aka yi dariya kaɗan. Shugaba ya miƙo hannu, na kwance makullan daga ɗamarata na ba shi.

Yanzu ina da rumfa a cikin Maraɗi, ina naɗin fanka da injin niƙa. Ɗan Alhaji ya zama shugaban biron. In mun haɗu yakan sauke gilas ya ce, "Baba, ka tuna Maroko?" In ce na tuna. Bai san abin da ya faru da rijiya ta uku ba, ko ya sani bai haɗa shi da kansa ba, ni kuma ban faɗa masa ba. Bara da bazara motar ƙungiya ta wuce ta gaban rumfata da inji a baya an ɗaure da igiya. Direban ya ɗaga mini hannu, ya miƙe hanyar Kano.