Man Girki a Bindigar Mai Gadi

A wani lambun mangwaro da lemo da ke bayan gari akwai mai gadi da ma'aikata ke kira Baba Ƙal-ƙal. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana korar birai da tsuntsaye da bindiga mai baki biyu, takardar izininta naɗe cikin leda a aljihunsa. Ba rigarsa ce ta jawo masa laƙabin ba, don rigar kam sai dai a yi shiru. Bindigar ce.

A shekara bai fi ya yi harbi sau goma ba, yawanci ma sama yake saitawa, amma duk Asabar da hantsi sai ya shimfiɗa buhu a ƙofar ɗaki ya zauna goge ta. Ya karya ta, wato ya buɗe ta a gaɓa, ya leƙa ko da harsashi, ko da shi ya cire da hannunsa jiya. Ya raba ta gida uku, ya tura buroshin tagulla da sanda ta gindin bututu, ya bi da tsumma har tsumman ya fito fari. Tsumman ma ba kowanne ba, sai na tsohuwar singiletin auduga wadda ta sha wanki. Mai kuwa na bindiga ne, ɗigo uku, don a cewarsa mai in ya yi yawa ƙura yake gayyata. Daga ƙarshe ya ɗaga bututun ya saita hasken rana ya duba ciki. Dokarsa ɗaya ce: bututun da bai ga cikinsa fes ba, ba ya sa masa harsashi. Kuma duk shekarun nan ko matarsa bai taɓa bari ta ɗaga bindigar ba, balle wani.

Ana nan sai yanar ido ta kama shi. Aka yi masa aiki, ya yi sati biyar yana jinya a gidan babbar 'yarsa, ga damina ta yi nisa. Likita ya ce nesa zai gani sarai, har biri a kan reshe, amma na kusa sai haƙuri. Mai lambu ya zo duba shi, ya ce masa cikin ladabi, “Baba, in aikin ya yi nauyi ka huta, a mai da wa hukuma bindigar.” Baba ya ce ranar Litinin yana bakin aiki. Maganar hutun nan ta tsorata shi fiye da wuƙar likita.

Ran da ya koma gida ko takalmi bai cire ba ya buɗe kabad. Wani warin tsohon mai ya daki hancinsa. Bindigar tana ƙyalli, amma da ya taɓa sai yatsu suka manne, ga bakunan biyu an toshe su tam da tsumma. Da ƙyar ta karyu.

Matarsa na tsaye a bakin ƙofa, hannu a ƙugu, tana jiran yabo.

“Maman yara,” in ji shi, “soya ta kika yi niyyar yi?”

“Malam, ka kulle akwatin kayan gogewa ka tafi da makulli, ga ruwa ba dare ba rana. In zuba ido ta yi tsatsa? Kaskona shekara talatin da man girki nake shafe shi, ka taɓa ganin tsatsa a jikinsa?”

“Kasko wuta yake sha kullum. Wannan kwanciya take yi, man ya daskare ya zama ƙaro. Tsumman nan kuma danshi yake tarawa.”

“To ai da ka koya mini da ban yi ba,” ta ce, ta juya ta tafi.

Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma ya san duk Asabar ta sati biyar ɗin nan matar ta zauna ta shafa man nan ne saboda shi, kuma ya san wa ya tafi da makullin.

Kwana biyu ya yi yana fama. Ya jiƙa ƙarafunan da kananzir har danƙon ya saki, ya bi lunguna da tsohon buroshin haƙori, ya ci rabin singileti. Hannunsa bai manta komai ba, har yana 'yar waƙarsa ta hanci. Ran Lahadi da hantsi ya ɗaga bututun ya saita rana. Farin hazo kawai ya gani. Ya goge ido, ya sa tabarau, ya cire, ya juya ɗaya bututun, duk ɗaya. Ko akwai tsatsa a ciki ko babu, ba shi da hanyar sani.

Ya daɗe zaune da ƙarfen a cinya. Ba wanda zai kama shi in ya tafi da ita haka, amma shi ya san ba zai iya ba. Can gefe matarsa na kan kujera 'yar tsugunno tana tsintar shinkafa, ba ta ko kallonsa.

“Maman yara, ɗan zo.”

Ta zo tana goge hannu da zani. Ya miƙa mata bututun. Ta dube shi, ta dubi ƙarfen, ba ta karɓa ba sai da ya ƙara miƙawa.

“Rufe ido ɗaya. Ki saita sararin sama, kada ki kalli rana kai tsaye. Me kika gani?”

“Na dama sumul, kamar cikin sabon kofi. Na hagu akwai wani ɗan ja-ja wajen baki, bai kai ƙwayar shinkafa ba.”

Ya karɓa ya sa buroshi. Ta duba ta ce da saura. Ya sake, ta ce ya ragu. A karo na huɗu ta daɗe tana leƙe, tana juya bututun a hankali kamar yadda ta ga yana yi shekara da shekaru.

“Fes,” ta ce.

“Kin tabbata? Bai ci ƙarfen ba?”

“Malam, ka taɓa tauna tsakuwa a abincina?”

Ya yi dariya har da tari, ya ɗiga mai uku, ya harhaɗa bindigar. Kwalbar man dai ya mayar akwati ya kulle, ta harare shi, ya yi kamar bai gani ba.

Litinin da safe ya isa lambu, ma'aikata suna ta barka da dawowa. Ya tsaya a gindin mangwaronsa na kullum ya karya bindigar. Ya leƙa bututun don sabo, hazon nan dai ya gani. Ya laluba aljihu ya ciro harsashi biyu, ya sa su a kan maganar matarsa.